Kwalabe Takwas a Ɗakin Zinariya

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa tsakanin Galma da Madawa ya san Zinariya mai gabu, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Gajeruwar mace ce mai ƙashin wuya a fili, ta yi shekara arba'in da wani abu tana zama wuri guda da kwandonta na gabu, wato ganyen albasar nan da ake dakawa a dunƙula a shanya don miya. Ba ta ragi. In ka taya mata kaya da wulaƙanci ba za ta zage ka ba, sai dai ta nuna maka ƙarshen layi da haɓa ta ce ka gangara can, akwai na daidai kai. Mata suna jin haushinta, suna kuma dawowa, don gabunta babu ƙasa a ciki.

Wannan hali ba da shi aka haife ta ba. A shekara ta biyu da aurenta, mijinta Halidu yana kwance da zazzaɓi, ya ba ta kuɗi ta sayo masa irin albasa. Ta tarar da wani baƙo yana sayar da iri a rabin farashi. Ta saya, ta ɗauki canjin ta sayi ɗankwali mai ruwan ɗorawa, ta dawo gida tana jin ta fi kowa wayo. Albasar ta fito manya-manya, sai dai ruwa ne zalla a cikinta, wata guda da girbi ta ruɓe a rumbu har maƙwabta suna toshe hanci. Shekarar nan da hatsin 'yan'uwa suka kai damina. Halidu bai ɗora mata laifi ba, kuma hakan ya fi mata duka ciwo. Ɗankwalin ba ta taɓa ɗaura shi ba. Tun daga ranar ta kafa wa kanta doka: kuɗin abu shi ne shaidarsa, abin da aka sayar da araha akwai abin da mai shi ya sani. Kasuwa kuma ta ƙara mata doka ta biyu, cewa kada ka yarda mai kaya ya ga gindin lalitarka, don da ya gani ya raina ka.

Da waɗannan dokoki biyu ta yi rayuwa, kuma gaskiya sun riƙe ta. Ta haifi bakwai, uku suka rayu. Mata biyu suna aure nesa, namijin, Mu'awiya, ya tafi biɗar kuɗi Libiya, wata ran a ji shi a salula, wata ran a yi wata uku shiru. Halidu kuwa mutumin garka ne, dogo, marar magana, wanda ya fi sanin halin rijiyarsa da na mutanen gari. Ita tana kiransa Malam, shi kuma yana ce mata Hajiya don tsokana, alhali ko garin Tawa ba ta taɓa zuwa ba.

Wata safiya lokacin dashen albasa, Halidu ya sunkuya zai buɗe wa ruwa hanya, sai ya kife da fuska a cikin laka. Maƙwabcinsu Isaka, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu, shi ya ɗora shi a amalanke har bakin kwalta, aka samu mota. Kwana tara ya yi a asibitin Madawa. Magana ta dawo, amma hannun hagu da ƙafar hagu sun mutu, baki ya ɗan karkace. Aka ce tansiyo ne, hawan jini, ya daɗe yana cinsa bai sani ba. Kafin a sallame su, injin ban-ruwan garka ya tafi, abin da Mu'awiya ya aiko ma ya bi shi.

Ranar sallama likitan, wani saurayi da mutum arba'in ke jiransa a kan benci, ya rubuta takarda ya miƙa wa Zinariya. Layi uku ne na Faransanci, a idonta duk tafiyar tsutsa.

“Inna, ga ordonansi,” ya ce. “A sayi magani, a ba shi kullum, kada a fasa ko rana ɗaya. In ya sake faɗuwa, ba na jin zai tashi. Bayan wata guda ku dawo.”

Ba ta kama kome a maganarsa kamar wannan ba: in ya sake faɗuwa ba zai tashi ba. Ta ƙulle takardar a bakin zane, ta bar Halidu a inuwa tare da Isaka, ta tsallaka titi ta shiga wata farmasi.

Mai sayarwar yana magana a salula, ya karɓi takardar da hannu ɗaya, ya jero kaya uku a kan tebur. Biyu wasu 'yan kwalaye ne fale-fale, ya ce ɗaya dala ɗari da ashirin, ɗaya dala tamanin, su biyun jika guda ke nan, sefa dubu ɗaya. Na ukun kwalba ce babba cikin kwali mai ƙyalli, da hoton wani tsohon Bature mai furfura yana tuƙa keke yana dariya. Ita kuwa jika bakwai.

Abin da ke lalitar Zinariya jika bakwai ne da kuɗin motar komawa gida, babu ƙari.

Ta ɗauki ƙaramin kwali ta girgiza. Ba nauyi. Ta leƙa ciki, 'yan ƙwayoyi farare ƙanana kamar tsakin gero. Ta ɗaga kwalbar, ta ji ta cika hannu. Wane ne zai gaya wa Zinariya yadda ake karanta kaya? A ganinta maganar a fili take: kwalbar ce maganin, 'yan ƙwayoyin nan kuwa gyara ne, irin wanda ita ma take ɗora wa mai saye a kan mudu. Ta tuna irin albasa, ta tuna warin rumbu. Wancan karo da kuɗin Malam ta yi wayo, wannan karo da ransa za ta yi? Allah Ya kiyaye.

“Ba ni wagga babba,” ta ce.

“Sauran fa, Inna?”

Nan ne wurin da kalma biyar za su ishe ta: kuɗina ba su kai ba. Amma akwai mutane a bayanta, cikinsu har da wata mata da ke sayen gabu a wurinta. Zinariya mai gabu ta ce kuɗinta ba su kai ba, a gaban jama'a, kan maganin mijinta?

“Sauran akwai su gida,” ta ce.

Ya zuba kwalbar a leda, ya koma kan salularsa. Bai cuce ta ba, ko dala bai ƙara mata ba. Ciniki ne aka yi shi cikin mutunci, kowa ya tafi da fuskarsa.

Abin takaicin, maganin ya yi aiki, ko dai a ce ya yi abin da ido ke kira aiki. Siro ne, maganin ruwa mai zaƙi mai ƙamshin lemo. Kowace safiya Zinariya ta girgiza kwalba, ta cika cokali, ta ce, “Buɗe baki, Malam.” Halidu da ya dawo ba ya iya cin loma uku sai ga shi yana shanye ƙwaryar fura yana neman ƙari. Kumatunsa suka ciko. Masu zuwa dubiya suna tafa hannu suna cewa kai, wannan magani na Turawa ne na ainihi. Da Mu'awiya ya kira, ta ba shi labari, ya ce, “Inna, ki riƙa saya mai mai kyau, kada ki dubi kuɗɗi.” Sai dai kuɗin da ya ce kada ta duba bai samu aikowa ba, aiki ya tsaya musu a can.

Da wata ya cika ba su koma asibiti ba. Mutum mai rabin jiki ba ya hawa kabu-kabu, sai an ɗauki mota, kuma kuɗin motar ya kusa rabin kwalba. Ta auna, ta ga me za a je a gaya wa likita, ga mutum yana murmurewa? Ta tafi ita kaɗai ranar kasuwa. Wannan karon ko takarda ba ta fitar ba, kwalin da ya ƙare ta nuna, aka ba ta irinsa. Haka kowa yake yi, takarda sai mai karatu, kwali kuwa ko makaho ya shafa ya gane.

Gabu ba ya kawo jika bakwai a wata, ba a hannun tsohuwar da ke wanke miji ta ɗaga shi ta kwantar kafin ta fita ba. Akuya ta fara tafiya, da 'ya'yanta biyu. Sai kwanonin jerenta na aure, waɗanda ta yi shekara arba'in tana gogewa ba ta taɓa cin abinci a ciki ba. Dillaliya ta zo ta kwashe su a farashin da, in a kasuwa ne, da Zinariya ta nuna mata ƙarshen layi. Haka ta karɓa. Gurbin da kwanonin suka bari a bango, nan ta riƙa jera kwalaben da suka ƙare, wankakku, kowace a cikin kwalinta, Baturen yana kallon ɗaki yana dariya. Ita kanta gwiwoyinta suna ciwo, idonta na dama ya fara hazo, amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ita ma marar lafiya ce ba. Abincin rana ta daina ci, in an tambaye ta ta ce ramuwar azumi take.

Ba za a ce ba ta ji daɗi a watannin nan ba. Ta ji, har da alfahari. Halidu ya fara takawa da sanda, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa masallacin unguwa yana jan ƙafa. Wata rana yana lasar cokali ya dube ta da karkataccen bakinsa ya ce, “Hajiya, kin kusa ɗora ni bisa keke kamar wanga Nasara.” Ta ce in ya hau ya tafi da ita Makka, ta gaji da sunan banza. Suka yi dariya har ya ƙware.

Wajen wata na biyar ya fara cewa ƙeyarsa tana sara, kunnuwansa suna ƙugi. Zinariya ta yi abin da hankalinta ya ba ta, ta mai da cokali biyu, safe da yamma. Kwalba ta riƙa ƙarewa da wuri. Ta sayar da irin albasar da Halidu ya ajiye a tulu don baɗi, irin da ya yi shekara talatin yana zaɓa da hannunsa, ba ta gaya masa ba.

Ranar wata Juma'a cikin damina, gero ya kai gwiwa, Halidu ya ce yau da ƙafarsa zai je babban masallaci. Ta wanke masa farar riga. Da hantsi ya zauna a bakin ƙofa yana ƙoƙarin sa takalmi, tana tsakar gida tana kallonsa, sai ta ga sandar ta zame, shi kuma ya bi ta a hankali kamar mai neman wani abu a ƙasa. Ta kira shi Malam, bai amsa ba. Ta kira shi da sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

Isaka ya sake ɗaura amalanke. Kafin su fita Zinariya ta koma ɗaki ta kwashe kwalaben nan takwas a cikin roba ta ɗora a ka. Likita ya ce kada a fasa ko rana ɗaya, to ga shaidarta, kada wani ya ce sakacinta ne.

Wadda ta karɓe su a asibiti wata ma'aikaciyar jinya ce mai suna Lai'atu, dattijuwa, da ɗan gicciye a wuyanta. Bayan an kwantar da Halidu an sa masa ruwa, ta fito ta tambayi wane magani yake sha. Zinariya ta sauke robar a gabanta, ta kwance tsohuwar takardar daga bakin zane, ta tsaya tana jiran a yaba mata.

Lai'atu ta dubi kwalaben, ta dubi takardar. Ta sake duban kwalaben.

“Inna, ina ƙwayoyin?”

“Waɗanne?”

“Na layin farko da na biyu. 'Yan ƙanana, farare.”

“Waɗancan na gyara? Ai babban ni ka saye, ɗiyata. Ban taɓa hwasawa ba, ƙirga ki gani.”

Lai'atu ta jawo kujera ta ce ta zauna. Zinariya ta ƙi zama. Sai matar ta yi mata bayani a tsaye, a hankali, don ba ta da hanyar da za ta faɗe shi ya yi daɗi. 'Yan ƙwayoyin su ne maganin tansiyo, su ke riƙe jini kada ya hau ya fasa kai. Kwalbar kuwa ta buɗe ciki ce kawai, don ya samu ya ci abinci bayan kwanciyar asibiti. Guda ɗaya aka rubuta, ga shi nan a jikin takarda, in ta ƙare shi ke nan.

“Guda?” in ji Zinariya.

“Guda, Inna.”

“Su kuwa ƙananan, jika guda a wata?”

“Ko ba su kai ba.”

Ba wanda ya ce ta yi lissafi, kanta ne ya yi da kansa, kan da ya saba tun tana budurwa. Bakwai sau takwas, hamsin da shida. Wata hamsin da shida na ƙwayoyi, shekara huɗu da wata takwas. Akuyar kaɗai da ta ishe shi shekara biyu. Da ba a taɓa kwanoni ba, da irin albasa yana cikin tulunsa, da ita ma ta ci abincin rana. Ranar farko ma, da abin da ke lalitarta, da ta sayi na wata bakwai ta hau mota ta koma gida.

“Mi ya hana a gaya min?” ta ce. Ba da ƙarfi ta faɗa ba.

Lai'atu ta ce, “Kin tambaya, Inna?” Tana faɗa ta yi nadama, ta kama hannun tsohuwar. Amma maganar ta riga ta fita, kuma Zinariya ta san amsarta. An tambaye ta ma, ita ce ta ce akwai su gida.

Ta zare hannunta, ta tsallaka titin nan da ƙafafunta masu ciwo, ta ajiye jika guda a kan tebur, aka ba ta 'yan kwalayen biyu ba tare da ko an ɗaga kai an dube ta ba. Da ta dawo da su Lai'atu ta girgiza kai, ta ce yanzu ba ya iya haɗiya. Zinariya ta zauna a gefen gadon kwana biyu da kwalayen a tafin hannunta. A rana ta uku, wajen azahar, Halidu ya cika, bai sake buɗe ido ba balle ta gaya masa.

A zaman makoki ba a yi maganar kowa kamar tata ba. Mata suna shigowa ɗakin takaba suna yi mata gaisuwa, suna duban kwalaben da Isaka ya dawo mata da su, wata ta mayar da su bango. Kowa na cewa a garin nan ba a taɓa macen da ta yi wa miji jinya irin Zinariya ba. Kwalba takwas, ta jika bakwai-bakwai! Ta sayar da jerenta! Kwana ne ya ƙare, amma magani kam ya sha mai kyau. Ita kuwa tana zaune a kan tabarma, kanta a ƙasa, tana amsa amin, kowane yabo yana sauka a ƙirjinta kamar taɓarya. Ta tsani kwalaben, ta tsani Baturen da kekensa, ta tsani kanta fiye da su duka, ta kuma rasa wanda za ta gaya wa.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Indo matar Isaka ta shigo da ƙwaryar fura. Ƙawarta ce tun suna amare. Ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Tun ranar da Isaka ya ɗauko Halidu karo na biyu yake kukan ƙeya da jiri. An auna shi a ɗakin shan magani na gari, an ce shi ma tansiyo ne, an ba shi takarda. Ɗansu ya aiko da kuɗi daga Abijan.

“Shi na nac ce ki ba ni kwali guda, in aika a sawo mai irin na marigayi.”

Zinariya ta ɗaga kai. Tun rasuwar, sai yau wani abu ya motsa a cikinta. Ta jawo ƙullin zanenta, ta fito da 'yan kwalayen nan biyu da ba a ɓare ba.

“Indo, ki saurare ni don Allah. Waccan kwalba ba magani ta ba. Ita tak kashe Malam, ni da ita. Ki kai takardar Isaka ga mai karatu, ki ce a nuna miki na tansiyo. Za ki ga irin waɗanga na, 'yan ƙanana. Jika guda a wata.”

Indo ta dubi kwalayen, ba ta taɓa su ba. Fuskarta ta canza.

“Jika guda,” ta ce.

“Wallahi, Indo.”

“Da idona nig ga marigayi ya yi ƙiba, ya taka har masallaci. Ke kin sai ma naki na jika bakwai har takwas, gari duka na yabonki. Nawa mijin na za a ba na jika guda? Shi da ya ɗauki naki bisa amalanke sau biyu?”

“Ki tahi ki tambayi matar asibiti, Lai'atu sunanta...”

“Ba ni da wadda za ni tambaya. Shekara arba'in kina koya muna cewa mai araha na banza na, yau kuma da bakinki? In kwalin na ba ki son badawa, ki ce ba ki so.”

Ta tashi, ta miƙa hannu bango ta zari kwali guda da kanta, ta fita. Ko ƙwaryarta ba ta tsaya ɗauka ba. Zinariya ta bi ta har bakin zaure tana kira, nan ta tsaya, don mai takaba ba ta bin mutum a titi tana ihu. Ta aika wa Isaka saƙo ta bakin mutum biyu. Amsar da ta dawo ita ce a gaishe ta, Allah Ya ba ta haƙuri, baƙin ciki yana sa mutum faɗin abin da bai sani ba.

Ranar kasuwar Madawa ta zo ta wuce. Washegari da safe Zinariya tana zaune a tsakar gida, jingine da katangar da ta raba su da gidan Isaka, 'yan kwalayen biyu a cinyarta. Ta ji an girgiza wani abu a bayan katanga, ta ji cokali ya taɓa bakin kwalba. Sannan muryar Indo, cike da kulawa:

“Buɗe baki, Malam.”